Dutsen Big Ben: Wuta a Ciki, Ƙanƙara a Waje

1. Inda Dutsen Ya Ke

Ɗauko taswirar duniya, ka sa yatsa ɗaya a ƙarshen Afirka ta Kudu, ka sa ɗaya a yammacin Ostareliya. Za ka ga ba kome tsakaninsu sai ruwa. Wannan ruwa shi ne kudancin Tekun Indiya. To, gangara da idonka kudu, wajen tsakiyar ruwan nan, ka duba da kyau. Za ka ga wani ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda. Wannan ɗigo tsibiri ne, sunansa Heard. Tsibiri kuwa shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ko ta ina.

Tsawon tsibirin kamar mil 25 ne, faɗinsa kamar mil 13. Daga nan zuwa birnin Perth na Ostareliya ya fi mil 2,500. Zuwa Antaktika, watau babbar ƙasar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, kamar mil 1,000 ne. Wurin da ya fi kusa inda za ka sami mutane shi ne tsibiran Kerguelen na Faransa, tafiyar mil 300 ko kusa da haka, su ma ba gari ba ne, tashar masu bincike ce kurum.

Ba mutumin da ke zaune a tsibirin Heard. Ba filin saukar jirgin sama, ba kuwa tashar jirgin ruwa. Wanda ya ke so ya je sai ya shiga jirgin ruwa daga Ostareliya, ya yi kusan mako biyu cikin tekun da ya fi ko wane haukar igiya. In ya isa ma, ba lalle ne ya sauka ba, domin sau da yawa iska ta kan hana.

Kusan dukan tsibirin dutse guda ne, sunansa Big Ben. Abin da ya sa muka zaɓe shi don wannan karatu shi ne, abu biyu da ba su ga maciji da juna sun haɗu a jikinsa. Cikinsa wuta ce, bayansa ƙanƙara. Za mu ga yadda haka ta kasance, da abin da mutane suka yi a gindinsa, da kuma labarin da ƙanƙarar nan ta ke ba mu game da duniya duka.

2. Siffar Dutsen

Big Ben ba tsini gare shi kamar mashi ba. Faffaɗan dutse ne mai kama da ƙwaryar da aka kife. A bisansa akwai fili mai faɗi, wanda tsohon bakin wuta ne da ya rufta tun zamanin da, ƙanƙara ta cika shi. A gefe ɗaya na filin nan wani tudu ya taso kamar tulin hatsi. Shi ne ƙololuwar dutsen, ana ce da shi Mawson, don tunawa da Douglas Mawson, masanin duwatsu na Ostareliya wanda ya sauka tsibirin a 1929.

Tsayin ƙololuwar daga fuskar teku ƙafa 9,000 ne da 'yan kai, watau mita 2,745. Dutsen da ya fi tsayi a cikin ƙasar Ostareliya kanta, wanda a ke kira Kosciuszko, ƙafa 7,310 ne. Ka ga ashe wannan ɗan tsibiri ya fi uwar ƙasar tsayin dutse.

Akwai duwatsu da yawa a duniya da suka fi Big Ben tsayi, amma yawancinsu a kan tudu su ke zaune, mai hawa ya kan fara daga rabin hanya. Shi kuwa daga cikin ruwa ya taso tsaye. Wanda zai hau shi daga bakin teku zai fara, ba ƙafa ɗaya da za a rage masa.

Ganinsa ma aiki ne. Yawancin kwanakin shekara gajimare ya kan lulluɓe shi. Mutum ya kan yi kwanaki a gindinsa bai ga kome ba sai hazo, sa'an nan wata safiya gari ya washe, ya ɗaga kai ya ga farin dutse ya tokare sama.

3. Abin da Ya Sa Ƙanƙara ta Rufe Shi

Ƙanƙarar da ka saba gani ita ce wadda ta kan faɗo wani lokaci tare da ruwan sama, dunƙule kamar tsakuwa, ta narke nan da nan. A ƙasashen sanyi akwai wata iri dabam mai taushi, wadda ta ke saukowa a hankali kamar audugar rimi. Ita a ke kira dusar ƙanƙara. Inda rana ke da ƙarfi ta kan narke in bazara ta zo. Inda sanyi ya fi ƙarfin rana kuwa, ta bana ta kan tarad da ta bara.

Abu uku suka taru suka sa tsibirin Heard ya zama haka.

Na fari, nisansa daga tsakiyar duniya. Yana digiri 53 kudu da Ikwaita, watau layin da masana suka zana ya raba duniya biyu. Can rana ba ta tsayawa bisa kai, a karkace haskenta ke zuwa, saboda haka ba shi da zafi sosai. Amma wannan kaɗai bai isa ba. Birnin Manchester na Ingila ma yana digiri 53 ne ta wajen arewa, ga shi kuwa ana noma da kiwo kewaye da shi.

Na biyu, ruwan da ya kewaye shi. Ingila ta yi sa'a, wani ruwa mai ɗumi ya kan gudano cikin teku daga wajen Amurka ya ɗumama ta. Heard kuwa yana cikin ruwan sanyi wanda ke zagaya Antaktika. Akwai wata iyaka cikin teku inda ruwan sanyin kudu ke gamuwa da ruwan ɗumin arewa, tsibirin kuwa yana kudu da iyakar nan. A ma'aunin Santigirad, wanda a kansa ruwa ke daskarewa a 0 ya tafasa a 100, zafin bakin tekun Heard in an daidaita na shekara duka bai wuce digiri 1 da 'yan kai ba. Ko a tsakiyar bazararsu, wadda ke faɗowa daga Disamba zuwa Fabrairu, da ƙyar ya kan wuce digiri 5 a yawancin kwanaki.

Na uku, tsayin dutsen. Ko ina a duniya, in ka hau sama iska ta kan daɗa sanyi, kamar digiri 2 ga ko wace ƙafa 1,000. Yi lissafi da kanka: ƙafa 9,000 za ta ba ka digiri 18. Ga kuma iskar yamma mai ɗauke da laimar teku tana busowa dare da rana, wani lokaci gudunta ya wuce mil 100 a awa. In ta bugi dutsen sai ta hau, in ta hau sai ta yi sanyi, ta zubar da laimarta. Cikin ko wane kwana huɗu, kamar uku ana ruwa ko dusar ƙanƙara.

Kwatanta shi da Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, mai ƙafa 19,341. Ya ninka Big Ben biyu, amma da ya ke kusa da Ikwaita ya ke, sai can bisa ƙololuwarsa kaɗai a ke samun ƙanƙara. Ta Big Ben kuwa ta sauko har cikin teku.

4. Kogin Ƙanƙara

In dusar ƙanƙara ta yi ta taruwa shekara bisa shekara, ta sama ta kan danne ta ƙasa, ta matse iskar da ke cikinta, har ta zama ƙanƙara mai tauri kamar dutse, mai shuɗi-shuɗi. A waɗansu wurare na Big Ben kaurinta ya kai ƙafa 500.

To, ga abin mamaki. Ƙanƙara mai kauri haka ba ta zama wuri ɗaya. Nauyinta ya kan sa ta gangara. Gwada wannan a gida: zuba zuma mai kauri a gefen faranti, ka ɗan karkata shi. Za ka ga tana tafiya a hankali, tsakiyarta kuwa ta fi gefe sauri. Haka ƙanƙara ke yi a jikin dutse, sai dai tafiyarta ido ba ya gani. Wata ta kan yi ƙafa ɗaya ko biyu a yini, wata ta fi haka. Sannu ba ta hana zuwa. Wannan shi a ke kira kogin ƙanƙara.

Kogunan ƙanƙara sun gangaro daga kan Big Ben ta ko wace fuska, kamar yatsun hannu. Ko wane da sunansa. Akwai Gotley, wanda ya fito daga gindin ƙololuwar ya yi kudu maso yamma, tsawonsa kamar mil 8. Akwai Baudissin a arewa, da Brown da Stephenson a gabas. Waɗansu sun ƙare a bakin teku, sun tsaya kamar ganuwa. Igiya ta yi ta cin gindinsu, can sai wani ɓangare kamar soro ya ɓalle ya faɗa ruwa da ƙara kamar aradu.

Kogin ƙanƙara yana da baki biyu, kamar rumbu. Ta sama ana zuba masa, ta ƙasa yana narkewa. In abin da a ke zubawa ya yi daidai da abin da ke narkewa, ƙarshensa ya kan tsaya wuri ɗaya. In zubi ya fi, sai ya ci gaba. In narkewa ta fi, sai ƙarshensa ya yi ta ja da baya, ko da ya ke ƙanƙarar kanta ba ta daina gangarowa ba. Riƙe wannan da kyau, za mu komo kansa.

Haɗarin tafiya a kansa shi ne tsaga. Inda kogin ya bi ta kan tudu ko ya yi kwana, bayansa ya kan tsage, ramin ya yi zurfin da ya fi na rijiya. Dusar ƙanƙara kuma ta zo ta rufe bakinsa da ɗan siririn murfi. Mai tafiya ya taka yana tsammani ƙasa ce, sai ya rufta. Don haka masu hawa su kan ɗaure junansu da igiya, in ɗaya ya faɗa sauran su riƙe shi.

5. Wutar da Ke Ciki

Can ƙarƙashin ƙasa akwai zafin da ya isa ya narkar da dutse. A waɗansu wurare narkakken dutsen nan ya kan sami hanya ya ɓullo. In ya fito ya huce sai ya daskare, wani ya fito ya hau kansa. Da haka a ke samun dutse mai aman wuta. Big Ben haka ya ginu, bisa wani babban tudu da ke kwance ƙarƙashin teku, wanda tsibiran Kerguelen ma a kansa su ke.

Wutarsa ba ta mutu ba. Mutanen da suka zauna a tsibirin wajen 1950 sun ga hayaƙi da jan haske bisa ƙololuwar. Daga 1985 zuwa yanzu an ga amansa sau da yawa, yawanci ta hotunan da taurarin ɗan Adam ke ɗauka daga sama, masu iya gane zafi. A farkon 2016 wani jirgin bincike na Ostareliya mai suna Investigator ya iso daidai lokacin da gari ya washe, mutanen ciki suka ga hayaƙi na tashi, narkakken dutse na gangarowa ta kan farar ƙanƙara.

Maƙwabtansa ma haka su ke. Mil 27 yamma da Heard akwai ƙananan tsibiran McDonald. Babbansu ya fara aman wuta a 1992 bayan dogon barci, cikin 'yan shekaru girmansa ya ninka biyu.

Za ka ce, yaya wuta ba ta narkar da ƙanƙarar duka ba? Amsa ita ce, bakin wutar ƙarami ne, dutsen kuwa babba. Narkakken dutse ya kan haƙa wa kansa hanya cikin ƙanƙara kamar lambatu, ya narkar da ta kusa da shi, sa'an nan bayansa ya yi ɓawo ya huce. Dusar ƙanƙara kuwa ba ta fasa zuba ba. Garwashi ɗaya ba ya tafasa randa.

6. Masu Farautar Mai

Ran 25 ga Nuwamba, 1853, wani matuƙin jirgi Ba'amurke, Kyaftin John Heard, yana tafiya daga Boston zuwa Melbourne cikin jirginsa Oriental, irin na da wanda iska ke turawa. Ya bi hanya ta can kudu don ya rage nisa, sai ya hangi ƙasar da ba ta cikin taswira. Bai sauka ba, amma ya ba da labari, aka sa wa tsibirin sunansa.

A 1855 Kyaftin Erasmus Darwin Rogers ya fara sa ƙafa a tsibirin. Abin da ya tarar shi ne rairayin bakin teku cike da wata dabba da za mu kira giwar teku. Siffarta kamar ayu, ba ta da ƙafafu sai filafilai, namijin yana da hanci mai kama da guntun haure-hannun giwa. Babban namiji ya kan kai ƙafa 16, nauyinsa ya wuce ton 3. A teku ta ke kiwo, amma sai ta fito tudu ta ke haihuwa. Ƙarƙashin fatarta akwai kitse mai kauri da ke kare ta daga sanyi. A zamanin nan kuwa da irin wannan mai a ke kunna fitila, a ke shafa wa injuna.

Nan da nan jirage suka yi ta zuwa, yawancinsu daga garin New London na Amurka. Irin jiragen nan su kan tsaya a tsibiran Kef Bade, yamma da Senegal, su ɗauki ma'aikata. A kan sauke mutane ƙungiya ƙungiya a bar su shekara guda ko fiye. Akwai lokacin da yawansu ya kai 200. Tsibirin ba itace ko ɗaya, saboda haka sai su haƙa rami su kewaye da duwatsu su rufe, su kwana ciki. Su kashe dabba, su yanyanka kitsen, su soya cikin manyan tukwanen ƙarfe, su ɗura a ganguna. Makamashinsu kitse ne, da fatun fengwin, wani tsuntsun teku mai tafiya a tsaye kamar mutum, wanda ba ya tashi sama sai iyo. Akwai wani ganye mai kama da kabeji da ke tsirowa can, shi su kan ci don maganin ciwon nan da ke kumbura dasashi in mutum ya daɗe bai ci ɗanyen abu ba.

An fitar da mai fiye da ganga 100,000 daga tsibirin. Kafin 1880 dabbobin sun kusa ƙarewa, ga kuma kananzir ya fito ya karya kasuwar. A shekarar nan wani jirgi mai suna Trinity ya fashe a gaɓar tsibirin, mutanensa suka zauna fiye da shekara guda suna jira, sai a farkon 1882 jirgin yaƙin Amurka ya zo ya kwashe su. Daga nan sana'ar ta mutu. Shekara 25 kurum ta isa a cinye abin da ya taru tun ba a san adadi ba.

7. Tashar Atlas Cove

Ingila ce ta fara cewa tsibirin nata ne, sa'an nan a 1947 ta miƙa wa Ostareliya. A Disamba na shekarar aka sauke mutum 14 a wani lungu na arewa maso yamma mai suna Atlas Cove, suka kakkafa ɗakuna. Aikinsu auna iska da sanyi, da zana taswira, da ƙidaya dabbobi. Shugabansu Aubrey Gotley, shi aka sa wa kogin ƙanƙarar nan sunansa.

Sun zo da wani ƙaramin jirgin sama mai sauka a ruwa. Sau ɗaya tak ya tashi, ya zagaya dutsen ya ɗauki hotuna. Bayan 'yan kwanaki guguwa ta tsinke igiyoyin da aka ɗaure shi da su, ta farfasa shi. Amma tashi ɗayan nan bai zama banza ba, domin hotunan sun nuna inda ƙanƙara ta tsaya a 1947.

Zaman bai rasa hasara ba. A watan Mayu na 1952 mutum uku suna tafiya ta bakin teku, a gindin ganuwar ƙanƙara. Igiyar ruwa ta tafi da ɗaya, sanyi ya kashe ɗaya a kan kogin ƙanƙara, ɗaya kaɗai ya komo. A 1955 aka rufe tashar. Tun daga nan sai dai a zo a yi 'yan watanni, ko shekara guda, a koma.

8. Hawan Ƙololuwa

An hau Everest, dutsen da ya fi ko wane tsayi a duniya, a 1953. Big Ben bai kai sulusinsa ba, amma sai da aka ƙara shekara 12 kafin a hau shi.

A 1963 mutum uku suka gwada: Grahame Budd, likita wanda ya shugabanci tashar a 1954, da Warwick Deacock, da Jon Stephenson. Sun yi nisa sama sai guguwar ƙanƙara ta rutsa su, ta binne kayansu. Suka haƙa kogo cikin dusar ƙanƙara suka yi kwanaki ciki, kana suka sauko da ƙyar da jiɓin goshi.

Ba su haƙura ba. Deacock ya tara abokai, suka nemi taimakon kuɗi, suka sami wani ƙaramin jirgi mai suna Patanela. Matuƙinsa wani dattijon Ingila ne, H. W. Tilman, wanda ya yi suna wajen hawan dutse da tuƙin jirgi. Suka tashi daga Sydney a ƙarshen 1964. Da suka iso, ƙaramin kwalekwalen da suka shiga don sauka ya kife da su cikin igiya, amma suka fita da ransu da kayansu. Jirgin kuwa, da ya ke ba wurin fakewa, sai ya tafi Kerguelen ya jira.

Mutum biyar suka yi kwana da kwanaki suna ɗaukar kaya daga zango zuwa zango, in guguwa ta taso su kwanta cikin tanti, in ta lafa su tashi. Ran 25 ga Janairu, 1965, Deacock da Budd da Colin Putt da John Crick da Philip Temple suka tsaya bisa ƙololuwar Mawson. An sake hawa a 1983, da kuma 2000. Dubban mutane sun taka kan Everest, amma waɗanda suka taka kan Big Ben ba su da yawa ko kaɗan.

9. Ƙanƙara Tana Ja da Baya

Bayan da mutane suka bar tsibirin, dabbobi suka farfaɗo. Babban fengwin ya komo ya yi yawa har dubbai. Wata dabbar teku mai gashi mai laushi, da aka kusa ƙarar da ita don fatarta, ita ma ta komo. Wata sa'a kuma, ɓera da kyanwa da zomo, waɗanda suka shiga jirage suka ɓata tsibirai da yawa na kudu, ba su kafu a Heard ba. Saboda wannan, da kuma dutsen, aka sa tsibirin cikin jerin wuraren gadon duniya na UNESCO a 1997. Ba mai sauka sai da izinin gwamnatin Ostareliya, sai kuma an tsabtace takalmansa da kayansa, kada ya kawo iri ko ƙwaro.

Amma akwai abin da doka ba ta iya tsarewa a bakin teku. Likita Budd ya yi ta komowa tsibirin shekaru da yawa, yana kwatanta abin da ya gani da hotunan da. Masana na baya suka ci gaba da aikin da hotunan taurarin ɗan Adam. Abin da suka samu shi ne, daga 1947 zuwa 2019 fiye da kashi ɗaya cikin biyar na filin da ƙanƙara ta rufe ya yaye. Abin ya fi tsanani a gabas. Kogin Stephenson ya ja da baya fiye da mil 3. Inda dā ganuwar ƙanƙara ke tsaye a bakin teku, yanzu tafki ne. Kogin Brown ma ya bar tafki a gabansa. A 1987 aka ga wata ciyawa baƙuwa ta tsiro a filin da ƙanƙara ta bari.

Ruwa ba ya tsami banza. Wutar dutsen ce? A'a, domin kogunan da suka fi narkewa suna nesa da bakin wutar, ga shi kuma kogunan ƙanƙara na Kerguelen da na sauran duniya suna ja da baya su ma. Dalilin shi ne iska ta ƙara ɗumi. Ƙarin da aka auna a Heard tun 1947 bai cika digiri 1 ba. Ka ce ɗan kaɗan ne. Amma tuna, zafin bakin tekun can yana dab da inda ruwa ke daskarewa. Ƙarin digiri ɗaya ya isa ya mai da dusar ƙanƙara ruwan sama. Zubin rumbu ya ragu ke nan, ɗiba ta ƙaru.

Ɗumin nan kuwa daga nesa ya zo. Kwal da man fetur da gas da a ke ƙonewa a masana'antu da motoci da tashoshin lantarki suna fitar da iskar kabon. Iskar nan ta kan taru a sama ta riƙe zafin rana kamar bargo, ba ta kuwa san iyakar ƙasa ba. Masu farautar mai sai da suka yi wata da watanni a teku kafin hannunsu ya kai tsibirin. Hayaƙin zamanin nan ya kai can ba da jirgi ba.

Ƙanƙarar Big Ben kaɗan ce in an gwada ta da ta Antaktika, narkewarta kaɗai ba za ta cika teku ba. Amfaninta shi ne ta zama ma'auni. Ba gari kusa, ba gona, ba masana'anta, saboda haka duk canjin da aka gani can ba na wurin ba ne, na duniya ne. Ruwan da ya narke daga kogunan ƙanƙara duka teku ya ke zuwa. Tun daga 1900 fuskar teku ta hau kamar inci 8, mutanen da ke zaune a biranen bakin teku kuwa miliyoyi ne. Giwar teku ta sami sauƙi sa'ad da aka daina kashe ta. Ƙanƙara kuwa ba za ta tsaya ba sai an rage hayaƙin da ke narkar da ita, wannan kuma aikin ƙasashen duniya ne gaba ɗaya.

Tambayoyi

1. A wane teku tsibirin Heard ya ke, wace ƙasa ce kuma ke mulkinsa?
2. Faɗi abu uku da suka sa ƙanƙara ta rufe Big Ben.
3. Manchester da Heard nisansu ɗaya daga Ikwaita. Me ya sa sanyinsu ya bambanta?
4. In zafin gindin wani dutse digiri 10 ne, tsayinsa kuwa ƙafa 5,000, nawa zai zama a bisansa?
5. Ta yaya kogin ƙanƙara ya yi kama da rumbu?
6. Me ya kawo mutane tsibirin a 1855, me kuma ya kore su?
7. Me ya sa masana suka ce ba wutar dutsen ce ke sa kogunan ƙanƙara ja da baya ba?